Yadda 'Yardada Ta Sa Kwamfutoci Goma Hira

A Soron Ɗinki, in ka tambayi wace ce 'Yardada, matasa za su ce maka matar Malam Ɗahiru ce mai ɗinkin littattafai a kasuwar Kurmi, wadda take tafiya da sauri kamar ta bar tukunya a kan wuta. Tsofaffi kuwa sai sun ƙara da cewa 'yar Ilu maɗinki ce, wanda a zamaninsa ba wanda ya kai shi iya aikin aska takwas a babbar riga. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'yansa bakwai, kuma ita kaɗai ce allura ta ƙi hannunta. Da uban ya lura yarinyar ba ta wuce mota ba tare da ta haddace lambarta ba, sai ya bar ta ta zarce da karatun boko, daga baya ya kai ta inda ake koyon buga tafireta a Fagge.

Tana da shekara ashirin ta sami aiki a wata masaƙa a Bompai, aka sa ta a ɗakin waya. Wani allo ne a gabanta mai ramuka arba'in, kowane rami da 'yar fitilarsa a sama. In wani ofis ya ɗaga waya sai fitilarsa ta kama, ita kuma ta ɗauki igiya mai kan ƙarfe ta soka, ta ji wanda yake nema, ta haɗa su. Shekara goma sha tara ta yi a kan wannan kujera. A nan ta yi aure, a nan ta yi goyon 'ya'ya biyar, har ta kai ta san muryar kowane manaja tun daga tarinsa. A ƙarshen mulkin soja masaƙar ta rufe, aka sallami kowa. 'Yardada ta dawo gida ta yi wata bakwai tana share inda babu datti, har Malam Ɗahiru ya fara cewa yana tsoron wata rana ya dawo ya tarar an share shi.

Abin da ya fitar da ita shi ne wata makarantar matan aure da ƙungiyar unguwa ta buɗe a Shahuci, a wani tsohon gida mai soro biyu. Bayan la'asar mata suke zuwa, wasu da goyo, wasu da jikoki, suna koyon karatu da rubutun boko. Aka ba ta ajin manya, ta kama aikin da hannu biyu.

A shekarar ne mulki ya koma hannun farar hula. Bangon gidaje ya cika da fastoci, masu shayi suka koma 'yan sharhi, kowa yana faɗin abin da ya ga dama a rediyo. Wanda ya ci kansilan mazaɓar, Alhaji Gwadabe, tsohon mai sayar da atamfa ne a Kwari, kuma ya san ƙuri'ar mata ce ta kai shi. Ya yi wa makarantar alkawarin zai kawo mata abin zamani. Mutane sun ɗauka keken ɗinki yake nufi. Sai ga shi wata Laraba, bayan shekara biyu, a-kori-kura ta tsaya a bakin lungu, aka sauke kwamfutoci goma 'yan Kwatano da ƙaramin janareta.

Da yake 'Yardada ce kaɗai ta taɓa buga tafireta, ita aka damƙa wa mukullin ɗakin. Ta kira Isyaku, ɗan babban yayanta, magidanci mai 'ya'ya uku da ke aiki a sashen kwamfuta na jami'a. Ya yi Asabar biyu yana jan waya ta bayan tebura, ya haɗa duka goman a wani ɗan akwati mai fitilu, ya zuba musu tsarin Linux saboda tsofaffi ne, ba za su ɗauki mai nauyi ba.

Makon farko ɗakin ya cika, har ana leƙe ta taga. Mako na huɗu mata uku ne suka rage. 'Yardada ba ta ga laifinsu ba. Abin da take koya musu shi ne abin da aka koya mata a Fagge, a ɗora yatsu a jere a yi ta buga haruffa huɗu ana maimaitawa. Iya Luba, mai sayar da kuka da daddawa, wadda ta fi kowa shekaru a ajin, ta gaya mata a fili cewa ita ta koyi rubutu ne don ta yi wa mutum magana, ba don ta yi wa akwati ba.

Wannan maganar ce 'Yardada ta kai wa Isyaku ran da ya zo makarantar yi mata sallama, don ya sami gurbin ƙaro karatu a Malesiya. Sai ya ja kujera ya zauna a kwamfuta ta farko. Ya rubuta layi goma sha biyu a wani yaren ba kwamfuta umarni da ake kira Python, ya ce mata ta je ta zauna a ta ƙarshe, can kusa da ƙofa, ta buga abin da take so. Ta buga sunanta. Ya ce ta taso ta gani. Ga sunan nan a gabansa, a ɗaya kusurwar ɗakin, ba wanda ya ɗauko shi.

Ta koma da gudu ta buga sunan mahaifinta, ta dawo ta duba. Ta sake komawa ta buga sunayen 'ya'yanta biyar. Mayafinta ya zame ya faɗi a tsakiyar ɗaki ba ta ma sani ba. Isyaku yana dariya ya yi mata bayani cewa kwamfutar da yake zaune a kanta ita ce masu harkar ke kira saba. Aikinta ta buɗe ƙofa ta zauna tana jira, sauran su zo su ƙwanƙwasa, ta karɓi saƙonsu.

"To in goma suka ƙwanƙwasa lokaci ɗaya fa?" in ji ta.

"A nan aikin yake, Gwaggo," in ji shi. "Ni kuma jibi jirgina zai tashi."

Washegari ya aiko mata da wani tulin takardu da ya gurza a wurin aiki, shafi ɗari uku da wani abu, duk bayanin yaren ne da Turanci. Malam Ɗahiru ya tafi da su kasuwa ya ɗinke su da zare mai kauri, ya sa musu bangon jar fata irin wanda yake yi wa littattafan malamai.

Daga nan rayuwar 'Yardada ta sauya. Da ta sallami yara makaranta da safe sai ta ɗauki littafin da ƙamus ta nufi Shahuci. In akwai wuta ta zauna gaban kwamfuta har azahar. In babu, ta shimfiɗa tabarma a soro ta rubuta umarnin da biro a littafin rubutu na 'yan firamare, tana bin layi ɗaya bayan ɗaya da yatsa tana raya abin da na'urar za ta yi. Maƙwabtan makarantar suka gane halinta, da an kawo wuta sai wata ta leƙo ta katanga ta ce Malama an kawo, ita kuma ta miƙe ko da ruwa ne a bakinta. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne na'urar ba ta fushi kuma ba ta yafiya. In ta manta aya ɗaya sai ta ƙi aiki, amma za ta gaya mata layin da matsalar take, ko sau ɗari ne. Ranar da ta fara sa kwamfuta ta ƙirga daga ɗaya zuwa dubu da kanta, sai da ta tare mai tallan gyaɗa a ƙofa ta nuna mata.

Wata huɗu ta yi kafin ta rubuta abin da take so, wato wani allon hira, inda duk abin da mace ɗaya ta buga zai fito a gaban sauran tara da sunanta a gefe. Ta gwada da kwamfuta biyu ya yi aiki. Ta bi gida gida ta gaya wa matan su zo ranar Litinin za su ga abin mamaki.

Suka zo, goma suka zauna, wasu suka tsaya a bayansu. Iya Luba ce ta riga kowa shiga. Ta buga harafin farko na sallama, sannan ta sunkuya tana neman na biyu da yatsa ɗaya, gilashinta a kan hanci. Sauran tara suka yi ta bugawa ba abin da ya fito. Tani, wata matashiya mai kitso wadda ta fi kowa saurin hannu, ta buga gaisuwa sau uku, ta juyo ta ce nata ya mutu. 'Yardada ta tsaya a tsakiyar ɗaki. Ta gane abin da ya faru tun kafin ta duba. Sabar tata mutum ɗaya take saurara, sai ya gama ta juya ga na gaba, kuma ga ta can ta tsaya a gaban Iya Luba tana jiran harafi na biyu. Minti shida aka yi kafin sallamar ta cika. Ranar da dariya aka tashi, amma ita ba ta iya cin tuwon dare ba.

Ta koma cikin jan littafin. A wani babi ta tarar da abin da Turawan suka kira zare. Ma'anarsa, maimakon ma'aikaci ɗaya ya yi wa kowa hidima, duk wadda ta shigo sai sabar ta tsaga mata nata ma'aikacin, ya zauna da ita shi kaɗai, in ta yi jinkiri shi ya jira, sauran su ci gaba. Mako uku ta yi tana gyara. Ta kuma tsara shi yadda kowace kalma za ta tafi da zarar an buga tazara, don masu jinkirin hannu su riƙa ganin maganarsu tana fita, su sami ƙarfin gwiwa.

Wannan karon ya yi. Allo ya cika da gaisuwa, kowa tana tambayar kowa ya gida ya yara, alhali ga su nan kafaɗa da kafaɗa. Da yake babu ƙ da ɗ da ɓ a jikin madannan, ta koya musu su riƙa sa 'yar alama a bayan harafin. Matan da da ƙyar suke cika layi biyu a littafi suka koma rubuta labarin biki da farashin gero da wanda ya yi rashin lafiya. Ana kiran magariba sai ta kashe janareta kafin su tashi. Waɗanda suka gudu suka dawo, har aka raba ajin gida biyu. 'Yardada tana tafiya gida tana murmushi ita kaɗai a lungu.

A mako na biyu abin ya faru. Iya Luba tana ba da cigiyar bunsurunta mai kunne ɗaya, ta buga kalmar farko ta tsaya neman ta biyu. Tani kuma ta fara ba da labarin maigidanta ya dawo daga Legas, ta buga kalma ɗaya sai goyonta ya motsa, ta saki madannai tana jijjiga shi. Kafin ta juyo Iya Luba ta ƙarasa tata maganar. Abin da ya fito a gaban mata goma shi ne:

Tani: Maigidana mai kunne d'aya ya b'ata

Ɗakin ya kece da dariya, wata har da faɗowa daga benci. Tani ba ta yi dariya ba. Ta miƙe ta ce kunnen mijinta biyu ne lafiyayyu, kuma yana gida yana barci, ta ɗauki jakarta ta fita. Sai da 'Yardada ta bi ta har Ƙofar Mazugal washegari ta ba ta haƙuri, ta yi mata bayanin cewa ba wanda ya yi mata da gangan. Ma'aikatan nan goma da ta tsaga duk a layi ɗaya suke zuba abin da suka karɓo, ba wanda ke duba ko wani yana tsakiyar magana.

Littafin ya ce maganin wannan shi ne kwaɗo. Duk wadda ta fara layi sai a kulle mata allon har ta gama, sannan a buɗe wa wata. Ta sa kwaɗon. Kwana biyu lafiya lau. A na uku wata ɗaliba mai suna Firdausi ta fara sallama, aka aiko cewa ɗanta ya faɗi ya fasa leɓe, ta tashi ta tafi gida da mukullin a hannun nata ma'aikacin. Mata tara suka zauna suna kallon rabin sallama. Ban da wannan, ita kanta kwamfutar da ke zaman saba tsohuwa ce, in ma'aikata goma suka taru a cikinta sai ta riƙa nishi tana jan ƙafa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tana zuba wa Malam Ɗahiru abinci tana ba shi labarin, ba don tana zaton zai gane ba, sai don abin ya cika mata ciki. Ta ce mutum ɗaya ya kasa, mutum goma sun yi rikici, ita ba ta san kuma adadin da za ta sa ba. Ya ci loma biyu, sannan ya dube ta.

"Wai da kina masaƙa, ku nawa ne a ɗakin wayar?" ya tambaya.

"Ni kaɗai mana, Malam."

"Layi arba'in, ke kaɗai. To in wani ya ɗaga waya ya tsaya yana tunanin abin da zai ce, zama kike ki jira shi?"

"Ina ni ina jira? Idona yana kan fitilu. Wadda ta kama ita nake zuwa, in sallame ta in dawo."

Ta tsaya da ludayi a hannu. Miya tana ɗiga a tabarma ba ta gani ba. Ta ajiye, ta shiga ɗaki ta ɗauko jan littafin, ta zauna a bakin ƙofa tana buɗe shafuka da sauri har tana neman yaga su. Ta tuna akwai wani babi da ta tsallake watanni baya don ya yi mata tsauri. Ga shi nan kuwa, wani umarni mai suna select. Ka miƙa masa jerin duk layukan da ke buɗe, shi kuma ya dawo maka da waɗanda ke da magana a baki yanzu, ya bar sauran. Ma'aikaci ɗaya ya isa, muddin ba zai tsaya a gaban kowa ba. Sai kuma ta ga sauran gyaran da kanta. Kowace mace a ba ta nata ɗan kwano a cikin sabar, kalmominta su taru a ciki, sai ta gama layi a juye shi gaba ɗaya a allo. Ba kwaɗo, ba mai jiran wani.

Kafin la'asar ta cika shafi huɗu da biro. Ta yi ta karanta wa mijin da ƙarfi, yana gyaɗa kai yana cewa madalla, ko kalma ɗaya bai fahimta ba.

Asabar da safe babu wuta. Ba ta iya jira ba, ta ɗauki galan ta sayo fetur, ta ce wa Malam Ɗahiru yau kasuwa sai ta yi haƙuri da shi zuwa hantsi. Ta tayar da janareta da hannunta, ta buga layi sittin da uku, ta gyara kuskure huɗu, sannan ta kunna duka kwamfutocin. Ta zaunar da shi a ta uku ta ce ya fara rubutu ya tsaya a tsakiya. Ita kuma ta riƙa zagaye ɗakin tana buga layi a wannan, ta tsallaka ta buga a waccan. Kowane layi ya fito cikakke da sunansa. Ta ce ya ƙarasa nasa, ya ƙarasa, ya fito shi ma bai gauraya da na kowa ba. Daga nan ta yi abin da ta fi tsoro. Ta fara rubutu a ta bakwai, ta sunkuya ta fizge wayar wutarta daga bango. Ta koma ta biyu da sauri ta buga gaisuwa, gaisuwar ta fito a sauran takwas kamar ba abin da ya faru.

Ta zauna a ƙasa dirshan tana dariya har hawaye. Malam Ɗahiru ya ce shi dai a iya saninsa shekara ashirin da aurensu bai taɓa ganin an yi murnar cire waya daga bango ba.

Da yamma ta tafi wani shagon intanet a Ƙofar Mazugal ta aika wa Isyaku duka layukan. Amsarsa ta zo bayan kwana biyu. Ya ce ya nuna wa abokan karatunsa, sun ƙi yarda cewa gwaggonsa ce ta rubuta, kuma manyan sabobin da ke ɗaukar dubban mutane a kan wannan dabarar suke tafiya. A ƙarshe ya tambaye ta me zai hana ta buɗe ƙofar ga waɗanda ke wajen ɗakin.

Tambayar ta zauna mata a rai har ƙarshen shekara. Makarantar ba ta da layin waya, amma gidan da ke bayanta akwai. Ta je ta roƙi matar gidan, matar ta roƙi mijinta, aka yarda a ara musu layin na awa biyu ranar bikin yaye ɗalibai. Mai shagon intanet ya ara mata ɗan akwatin da ke haɗa kwamfuta da layin waya, ya kuma yarda ɗalibai shida su zauna a shagonsa ranar. Abu ɗaya ta ɓoye wa kowa. Iya Luba tana da 'ya mai suna Bahijja da ke aure a Fatakwal, shekara huɗu ba ta zo gida ba. 'Yardada ta nemi lambar mijinta, don lokacin wayar salula ta fara shiga hannun mutane, ta yi masa bayanin shagon da zai kai ta da abin da za su buga.

Ranar bikin an kafa rumfa a ƙofar makaranta, an jera kujerun roba. Alhaji Gwadabe ya iso da 'yan rakiya, a lokacin yana neman kujerar majalisar jiha, da takardar jawabi shafi uku a aljihu. Wata doguwar waya ta taso daga tagar maƙwabta, ta haye katanga, ta bi ta kan reshen darbejiya ta shiga ɗakin kwamfuta. 'Yardada ta sa akwatin ya buga lamba. Ya yi ta ƙara yana tsuwa kamar an taka ɗan tsako, ya katse. Ta sake, ya katse. A karo na uku ya kama. Ta kwafi lambar adireshin da aka ba sabar tata, ta tura ta saƙon waya wuri uku.

Matan Ƙofar Mazugal ne suka fara shigowa, sunayensu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, na cikin ɗaki suna amsa musu. Sai ga Isyaku, ya yi sallama ya ce a can har an yi isha'i. Mutanen rumfa suka ji hayaniya suka fara tasowa. Alhaji Gwadabe yana shafi na biyu ya ɗaga kai ya ga rabin kujerun ba kowa, ya ninke takardar ya bi su. 'Yardada tana tsaye a bayan sabar tana ƙirga layukan da ke buɗe. Goma sha bakwai. Tsohuwar kwamfutar ko gezau ba ta yi ba.

Sai na goma sha takwas ya buɗe, wani layi ya fito a kowane allo.

Bahijja: Assalamu alaikum. Iya tana nan?

Iya Luba ta karanta da kanta, harafi harafi, leɓenta yana motsi. Ta kai ƙarshe ta sake farowa. Ta cire gilashi ta goge da bakin zane, ta juyo ta kalli 'Yardada.

"Malama, wace Bahijjar?"

"Taki, Iya. Tana zaune a Fatakwal yanzu haka, tana jiran amsarki."

Tani ta matso ta ce ta kawo ta buga mata don a yi sauri. Iya Luba ta ture hannunta. Ta ɗaga yatsanta ɗaya ta fara nema. Ɗakin da ke cike maƙil ya zuba mata ido, har maza da ke leƙe ta taga. A allo kuwa hira ba ta tsaya ba, matan Ƙofar Mazugal da ba su san abin da ake ciki ba suna ta zuba zance, layukansu suna wucewa. Minti huɗu ta yi. Da ta danna na ƙarshe, maganarta ta fito a Shahuci da Ƙofar Mazugal da Fatakwal da Malesiya lokaci ɗaya.

Luba: Ina nan. Ni na rubuta da hannuna. Kin yi k'iba ko kin rame

Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Alhaji Gwadabe ya nemi a ba shi kujera shi ma ya gaisa da mutanen Fatakwal, aka ce sai Iya ta gama. Bai samu ba sai bayan rabin awa, don uwa da 'ya sai da suka bi dangi kaf, har da bunsurun da aka gano a Jakara. Ana cikin haka matar maƙwabta ta manta ta ɗaga waya a gidanta, layin waje ya yanke, mutum takwas suka ɓace lokaci ɗaya. 'Yardada ta nufi akwatin waya da sauri. Amma na cikin ɗaki suka ci gaba da rubutu ba abin da ya tsaya, ta sake bugawa, ta tura sabuwar lamba, cikin minti biyar duk suka dawo.

Bayan wannan rana sunanta ya zaga. Makarantun mata huɗu a cikin birni suka nemi ta je ta haɗa musu irin nasu, ta riƙa zuwa da faifan da ta kwafi umarnin a kai, a naɗe cikin gyale, tana jan waya da kanta. Wani kamfani a Legas ya aiko ta hannun Isyaku yana tambaya ko za ta zo aiki, ta ce a gode musu, ajinta bai ƙare ba. Kwamfutocin Alhaji Gwadabe kuwa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, tana cire kayan wannan tana rayar da waccan, har suka koma shida. Kafin zaɓe na gaba ya zagayo yawancin matan sun mallaki waya, suna tura wa 'ya'yansu saƙo daga kan gado, kuma ba ta ji haushin haka ba, don ta san inda suka koyi bugawa.

Abin da ta buɗe daga baya shi ne ajin Asabar da safe, na masu son sanin yadda ake rubuta umarnin kansa. Mata biyar ne suka jure, Tani ce ta fi su naci. Wata Asabar 'Yardada ta ba su layukan sabar ta ce su karanta su gaya mata aikin kowanne. Can sai Tani ta ɗaga hannu, ta ce ita akwai abin da ba ta gane ba a layi na arba'in da ɗaya. In mace ta fita ana cire sunanta daga jeri, amma ba ta ga inda ake zubar da kwanonta ba. In haka ne, ashe duk wadda ta taɓa shiga kwanonta yana nan a ciki, suna taruwa, kuma wata rana sabar za ta cika.

'Yardada ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. Ta bi layin da yatsa sau biyu. Shekara huɗu abin yana nan, ita ba ta gani ba, Isyaku da abokansa ba su gani ba, kashe janareta da ake yi kullum da magariba ne ya rufa masa asiri.

"Gaskiyarki," ta ce. "Tashi ki dawo nan gaban sabar. Ke za ki gyara."

Tani ta ɗaure goyonta da kyau ta zauna, ta ƙara layi ɗaya, suka gwada ya yi. Ranar 'Yardada ba ta bi hanyar gida kai tsaye ba. Sai da ta biya ta Kurmi, ta tarar da Malam Ɗahiru yana cinikin bango da wani malami, ta tsaya a bakin rumfa tana jira yana ta jan zance, da ta ga abin ba zai ƙare ba ta katse su ta ce a gafarce ta, ɗalibarta ce ta kama ta da kuskure yau, kuma sai ta ba su labarin tun daga farko.